Rediyo Mai Kwalba a Ƙasar Matameye: Tarihinsa da Hanyar Ceto Shi

Gabatarwa

A damanar da ta wuce ne ɗakin ajiya na gidan kawuna, a Matameye, ya fara yoyo, aka ce a kwashe kayan ciki kafin soron ya rufta. Cikin tarkacen da aka fitar, tsakanin wani tsohon sirdi da tasoshi masu tsatsa, sai ga wani akwati na katako mai goshin gilashi, an jera sunayen birane a jikinsa da rubutun boko, ga kuma kunnuwa huɗu na murɗawa. Zanzaro ya yi gini a bayansa, gara ta ci kusurwa ɗaya. Kafin in iso, samarin gidan har sun gama ciniki da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Kawu, wanda ya haura shekara tamanin, ya ɗaga sandarsa ya ce: "Ku aje shi. Na Baba ne. A gaban akwatin nan nake tsugune ranar da aka ce Nijar ta sami mulkin kai."

Wannan akwati shi ne rediyo mai kwalba, wanda masu gyara na wajen Kano ke kira mai bawul, waɗanda suka yi lakwal kuma suka san shi da sunan rediyo mai fitila. Zamaninsa a ƙasarmu gajere ne, bai fi shekara ashirin ba, kuma waɗanda suka mallake shi ƴan ƙalilan ne. Duk da haka, ta bakinsa ne mutanen wannan yanki suka fara jin harshensu yana fitowa daga nesa. Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi tarihinsa, a kuma nuna wa malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu cewa akwatunan da suka rage da tsofaffin da suka saurare su suna ƙarewa tare, saboda haka tare ya kamata a cece su.

Kwalbar da aikinta

Kwalbar rediyo ƴar ƙaramar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta aka liƙe. A ciki akwai siririyar waya da ake ɗumamawa. Idan ta yi zafi sai ta riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su tsallaka zuwa wani farantin ƙarfe. Tsakanin wayar da farantin an gitta wata raga. Ɗan raunannen saƙon da eriya ta kamo daga sararin sama, idan ya hau ragar, shi ke buɗe hanyar ko ya tsuke ta, kamar yadda mai lambu a fadamun Korama ke juya ruwa mai yawa da ɗan dunƙulen ƙasa a bakin fangali. Ta haka ƙaramin saƙo ke zama babbar murya.

Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro kwalba ta farko a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata ragar, wadda ta ba ta ikon ƙarfafa saƙo. Daga shekarun 1920, lokacin da gidajen rediyo suka fara watsa shirye-shirye ga jama'a, har zuwa tsakiyar shekarun 1950, kusan duk rediyon da ke iya cika ɗaki da murya da kwalba yake aiki.

Iri biyu ne. Akwai mai aiki da wutar lantarki, wanda sai an jira kusan rabin minti kwalaben su yi ja kafin murya ta fito, wasu ma suna da koren ido mai tsukewa idan an dace da tasha. Akwai kuma mai batir, wanda ke magana nan take. Tun da gidajen garuruwa irin su Matameye da Kance ba su da wuta a wancan zamani, mai batir ne ya dace da su. Sai dai batirinsa ba irin na tocila ba ne. Ƙarfi biyu yake buƙata: bolt 1.5 don ɗumama wayar kwalba, da kamar bolt 90 don farantin. Akan haɗa su cikin kwali ɗaya mai nauyi kamar tubali, mai tsada, wanda ba a samunsa sai a kantunan birni. Mai karatu ya riƙe wannan batu na batir, domin shi ne ya tsara yadda kakanninmu suka saurari rediyo.

Hanyoyin da ya biyo

Matameye tana zaune ne tsakanin kasuwanni biyu. Ta arewa, hanya ta bi ta Takeita zuwa Damagaram, wadda ita ce babban birnin mulkin mallakar Faransa a Nijar har zuwa 1926, inda kamfanoni irin su CFAO da SCOA ke da kantuna. Ta kudu, hanya ta bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Gyaɗa ce ta haɗa hanyoyin nan biyu. Ƙasar Kance da ta Magarya suna cikin manyan wuraren noman gyaɗa na Nijar, har an kafa masana'antar matse man gyaɗa a Matameye. Gyaɗa ta yi kudu, kuɗinta ya komo da atamfa da keke da fitilar ƙwai da agogo, wani lokaci da rediyo.

Shi ya sa tsofaffin rediyon da ake tsinta a wannan yanki ke ɗauke da shaidar dauloli biyu. Wanda aka ga sunan Pye ko Bush ko Ever Ready a goshinsa, ƙirar Ingila ce, kuma hanyar Kano ta fi kusa da shi. Wanda aka ga Radiola ko Ducretet-Thomson, ƙirar Faransa ce. Philips na Holan da Grundig da Telefunken na Jamus kuwa sun shiga kasuwannin ɓangarorin biyu. Ɗan faifan da ke manne a bayan akwatin, mai ɗauke da lambar ƙira, takardar shaida ce ga mai binciken tarihin kasuwanci.

Masu ƙira sun san cewa rediyon Turai ba ya jure ƙasashen zafi. Misali mafi shahara shi ne wanda kamfanin Ever Ready ya fitar a 1949 don Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, bisa roƙon wani jami'in watsa labarai mai suna Harry Franklin. An saka kwalabe huɗu cikin gwangwani mai siffar tukunya, aka toshe kafofinsa da raga saboda ƙwari, aka sayar da shi fam 5. Wannan ne yunƙuri na farko mai nasara na kai rediyo hannun talakan Afirka. Fam 5 ɗin ma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga manomi, ga kuma kuɗin batir da ba ya ƙarewa. Don haka a ƙasarmu rediyo mai kwalba ya tsaya a hannun sarakuna da manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da wasu tsofaffin sojoji masu karɓar fansho.

Muryoyin farko

Kafin ƙarshen yaƙin duniya na biyu, rediyo a Nijar kayan Turawan mulki ne. An buɗe tashar Dakar a 1939. Daga 1940 zuwa Nuwamban 1942, Afirka ta Yamma ta Faransa tana bin gwamnatin Vichy, yayin da Najeriya ke hannun Ingila, tashar Brazzaville kuma ke magana da yawun Janar de Gaulle. A waɗannan shekaru iyakar da ke kudu da Matameye ta zama iyakar abokan gaba, sauraren tashar da ba ta hukuma ba kuma ya zama abin tuhuma.

A ƙetaren iyaka kuwa, Ingilishi sun bi wata hanya dabam. A 1944 suka buɗe rediyon waya a Kano: tasha ɗaya ce ke kamo shirye-shirye, ta aika su ta waya zuwa ƙananan akwatunan magana da aka kafa a gidaje da dandali. Fataken ƙasarmu masu zuwa Kano sun ji Hausa na fitowa daga akwati tun kafin su ga rediyo a garinsu. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta Najeriya, wadda reshenta na Kaduna ke da shirye-shiryen Hausa. Ranar 13 ga Maris 1957 sashen Hausa na BBC ya fara aiki daga Landan da shiri na minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Sai a 1958 ne Radio-Niger ta fara magana daga Yamai, ƙarƙashin kulawar SORAFOM, hukumar da Faransa ta kafa don rediyon ƙasashen da take mulka.

Jerin waɗannan shekaru yana ɗauke da darasi. Hausar farko da rediyo ya kawo wa mutumin Matameye daga Kaduna da Landan ta zo, kafin ta Yamai. Igiyar gajeren zango ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Hausar rediyo ta Najeriya ta zauna a kunnen mutanen Damagaram, har kalmomi irin su "gwamnati" da "siyasa" da "jam'iyya" suka zama na kowa a ɓangarorin biyu, alhali harshen lakwal ya raba su. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda daidaitacciyar Hausa ta yaɗu, yana da abin nuni a cikin wannan akwati.

Daga nan tashoshi suka yi ta ƙaruwa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe nata gidan rediyo a Kaduna. A 1963 Muryar Jamus da rediyon Beijing suka fara Hausa. Muryar Amurka ta biyo a 1979, rediyon Faransa RFI a 2007. A gida kuma, an kafa ORTN a 1967, Radio-Niger ta koma Muryar Sahel daga baya.

Daga zaure zuwa kafaɗa

Saboda tsadar batir, mai rediyo ba ya kunna shi sai da dalili. Akwai lokacin labarai, akwai lokacin kiɗa, sauran yini kuma a rufe shi da ƙyalle mai ado. Saboda nauyinsa da doguwar wayar eriya da ake ɗaurawa a kan itace, ba ya tashi daga inda aka girke shi. Waɗannan abubuwa biyu suka mai da saurare taro. Kawuna ya ce bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure, dattawa a gaba, samari a baya, yara a tsugune can gefe, kuma ba mai taɓa kunnen rediyon sai maigida. In an rufe, sai a shiga tattauna abin da aka ji, wanda ya taɓa zuwa Kano ko ya yi soja ya yi wa sauran fashin baƙi. Mata kuwa daga bayan danga suke tsintar abin da iska ta kai musu.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan tsari ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar wake ba. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a Amurka, mai yin aikin kwalba ba tare da zafi ko batir mai ƙarfi ba. Rediyon tiransisto na farko ya shiga kasuwa a 1954, kamfanin Sony na Japan ya fitar da nasa a 1955. Cikin shekarun 1960 ya mamaye kasuwanninmu, domin da pil na tocila yake aiki, kuma ana rataya shi a kafaɗa. Rediyo ya bar zaure ya tafi gona da kasuwa da makiyaya, ya kuma shiga cikin gida har ɗakin amarya. Da kantuna suka daina kawo babban batir, rediyo mai kwalba ya yi shiru ko da lafiyarsa lau, aka kai shi ɗakin ajiya.

Al'adar sauraren taro ba ta mutu nan take ba. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar. Masu jagorancin kulob, waɗanda yawancinsu malaman lakwal ne, sukan tara mutanen gari su saurari shiri, a yi muhawara, a naɗi ra'ayin manoma a faifai a aika Yamai, a kuma watsa shi ga ƙasa baki ɗaya. Tsarin ya yi suna har wajen Nijar. Ke nan malaman makaranta na yau suna da gado a tarihin rediyon ƙasar nan.

Gyara da haɗarinsa

A ƙasashen Turai da Amurka tara tsofaffin rediyo da gyara su tsohuwar sha'awa ce mai ƙungiyoyi. Ta Amurka, Antique Wireless Association, an kafa ta a 1952, ta Ingila kuma, British Vintage Wireless Society, a 1976. Kundin Radiomuseum da ke intanet ya tattara zanen haɗin wayoyi na dubban ire-iren rediyo, wanda ake nema da lambar ƙira. A wajenmu kuwa ilimin yana kan ƴan tsofaffin masu gyara ne kawai.

Na koyi darasin farko da hasara. Kafin in kai akwatin kawu wurin gwani, wani ɗan ƙanena mai zafin nama ya jona wayoyinsa da batirin babur mai bolt 12, wai ya gwada. Ba a ji ko ƙyas ba. Da na kai shi Damagaram wurin wani dattijo da ya koyi sana'ar tun zamanin kwalba, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, shekara sittin kwalaben nan na jiran ku lafiya lau, kun kashe su cikin ƙiftawar ido." Na ce: "Baba, ba su gyaruwa?" Ya ce: "Wayar da ta ƙone cikin kwalba, ba mai ɗinke ta." Irinsu DK96 da DF96 da DAF96 da DL96 ne, wayarsu ba ta ɗaukar fiye da bolt ɗaya da rabi. An daɗe da daina ƙera su. Masana'antun da suka rage a Rasha da Sin da Sulobakiya kwalaben kayan kiɗa suke yi. Sai da muka yi wata huɗu kafin wani ɗalibi da ke karatu a waje ya samo mana tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba.

Daga wannan dattijo na tattaro ƙa'idodin da ya kamata duk wanda ya tsinci irin wannan rediyo ya kiyaye. Ta farko, kada a jona shi da kowace irin wuta don gwaji. A mafi yawan lokuta kwalaben lafiyarsu ƙalau. Abin da shekaru ke lalatawa shi ne kwandansa na takarda da kakin zuma, waɗanda ke fara yoyon wuta, da manyan kwandansa masu ruwan magani, waɗanda ke bushewa, da robar jikin wayoyi, wadda zafi ke farfasawa. Idan aka jona mai aiki da lantarki a wannan hali, tiransifomarsa na iya ƙonewa, ita kuwa samun madadinta ya fi na kwalba wuya. Gwani kan sauya kwandansa tukuna, sannan ya ba shi wuta ta cikin ƙwan lantarki da aka jera a kan wayar, ta yadda in akwai matsala ƙwan ne zai yi haske ya tare ɓarnar.

Ta biyu, rai ya fi rediyo. A cikin mai aiki da lantarki akwai ƙarfin da ya kai bolt 250 ko fiye, kwandansa kuma kan riƙe wuta bayan an cire shi daga bango. Wasu ire-iren ma ba su da tiransifoma, ƙarfen cikinsu a haɗe yake da wutar gari kai tsaye. Kada a bar ɗalibi ya sa hannu a ciki. Ta uku, a yi shara da burushi mai laushi, kada a wanke gilashin tashoshi ta baya, kada kuma a goge kwalba da ruwa, domin rubutun jikinsu na fita, in kuwa lambar kwalba ta goge an rasa sunanta. Tabon azurfa da ake gani a cikin kwalba alamar lafiya ce. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ta mutu. Ta huɗu, duk abin da aka cire a ƙulle shi cikin leda a aje a cikin akwatin, kuma kada a yi wa katako sabon fenti. Babban batir kuwa ana iya maye gurbinsa da ƙananan batura goma masu bolt 9 da aka jera, da pil guda don wayar kwalba.

Ko an gyara, kada a sa ran jin duniyar da kawu ya ji. Yawancin waɗannan akwatuna ba su kama FM, manyan tashoshi da dama kuma sun rage aiki a gajeren zango. Muryar Jamus, alal misali, ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. Amma da dare, da doguwar waya a kan bedi, har yanzu akan kamo muryoyi. Wanda bai gyaru ba ma bai zama shara ba, domin darajarsa ta tarihi tana nan.

Aikin da ke gabanmu

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, da gidan tarihi na Damagaram, sun san darajar sirdi da takobi da kayan saƙa. Kayan zamanin mulkin mallaka da farkon mulkin kai, irin su rediyo da garmaho da keken ɗinki, su ma sun kai shekarun da za a dube su da wannan ido. Sai dai ba daga babban birni aikin zai fara ba, domin akwatunan suna cikin ɗakunan ajiya na gidajenmu, mai sayen ƙarafa kuma ya fi jami'in gidan tarihi yawan zagaya unguwa.

Kowane malami na iya ba ɗalibansa aikin gida: su tambayi kakanni wa ya fara mallakar rediyo a unguwa ko ƙauye, ina ya sayo shi, da kuɗin me, ina ake girke shi, wa ke zuwa saurare, wace tasha ake kamawa, wane labari ne ba a manta ba. A naɗi amsar da wayar hannu, a rubuta ta da Hausa, a sa kwanan wata. A tambayi tsofaffin mata su ma, domin abin da aka ji daga bayan danga bai taɓa shiga littafi ba. Ƙungiyar al'adu kuma ta buɗe rajista: hoton akwatin gaba da baya, sunan kamfani, lambar ƙira, lambobin kwalabe, da gidan da yake. Ba dole ne a raba iyali da gadonsu ba. Ana iya aron akwatin don baje koli a gidan matasa ko a lakwal, a mai da shi. Sannan a nemi tsofaffin masu gyara da suka rage a Damagaram da Maraɗi da Kano, a haɗa su da ɗaliban makarantun koyon sana'a tun suna iya riƙe ƙarfen dalma.

Kammalawa

Wanda yake da shekara goma sha biyar ranar 3 ga Agusta 1960, lokacin da Diori Hamani ya yi shelar mulkin kai, yau ya kai tamanin ko ya haura. Waɗannan su ne shaidu na ƙarshe na zamanin kwalba. Akwatin da ba a san mai shi ba, ba a san abin da aka ji ta bakinsa ba, ɗan kasuwa ne kawai zai amfana da shi. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma irin wannan waiwaye yana da wa'adi.

Ranar da muka mai da rediyon Matameye, mun ɗaura eriya a kan bedin ƙofar gida bayan isha'i. Kawu bai bari kowa ya taɓa ba. Ya murɗa kunnen a hankali, ya wuce shuuu da ƙarar iska, har wata murya ta fito tana karanta labarai da Hausa. Ya saurara kamar minti biyar, sannan ya kashe, ya ce a tanadi batir. Daga nan ya fara lissafa mana sunayen waɗanda ke zama a tabarmar gaba, ɗaya bayan ɗaya, jikarsa kuma tana rubutawa a littafinta na lakwal.